Wasiƙa zuwa ga 'yata mai shirin binciken ciwon daji

Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso. Na ji kin yanke shawarar rage duba marasa lafiya, ki koma jami'a digirin digirgir, ki bi diddigin ciwon daji: wa yake kamawa, a ina, me ya jawo shi. Gwaggonki ta ce ina aka taɓa ganin likita ta koma ƙirgen mutane. Ni dai na amince, na kuma sa albarka.

Kin san a ɗakin ajiye katin marasa lafiya na yi aiki har na yi ritaya, don haka ki saurare ni a kan wannan. Kakarki da kika ci sunanta, kumburi ne ya fito mata a mama. Aka ce daji ne, daji kuwa wai ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Haka aka yi ta jiƙo da shafe-shafe a ɗaka har Allah ya karɓi abarsa. Babu takardar da sunanta ya hau. Tun 1960 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan, daga baya wasu biranen suka bi sahu, amma rajista ba ta ganin wanda bai taka ƙofar asibiti ba. Duk ranar da alƙalumanki suka ce ciwon ya yi ƙaranci a karkara, ki tuna da ita kafin ki yarda.

Denis Burkitt, likitan tiyata a Uganda, a 1958 ya bayyana wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara da yanzu ake kira da sunansa. Bai tsaya a Kampala ba. A 1961 ya shiga mota ya bi asibitoci ƙasa bayan ƙasa yana tambaya, sai ga shi ciwon ya fi yawa inda ake zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Irin wannan fitar nake so ki yi.

Sai haƙuri, don aikin nan ba ya nuna da wuri. Richard Doll, wani likita mai bincike, ya fara bibiyar likitocin Birtaniya kan shan taba a 1951, aka yi shekara 50 ana binsu. A Gambiya an fara yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B a 1986, masu binciken suna sane sai jariran sun zama magidanta za a ga ko dajin hanta ya ragu. Jami'a kuwa za ta riƙa ƙirga takardun da kika wallafa kafin ƙarin girma. Kada wannan matsin ya sa ki tanƙwara lamba ko ɗaya, ko da mai ba da kuɗin binciken ya so ganin wani sakamakon daban.

In kin shiga gari, ki fara da mai unguwa, ki yi wa mata bayani da Hausar da suke ji, ki nemi yardarsu. In an gama ki koma ki faɗa musu abin da aka gano. Tun da aka fara rigakafin dajin bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a 2023, iyaye ke ta tambaya, kuma bakin 'yar gida za su fi yarda da shi.

In kin zo Sallah zan kai ki wurin Gwaggon taki. Ita ta yi jinyar kakarki, ta san watan da kumburin ya fara da duk maganin da aka gwada. Ki taho da littafin rubutu.

Mahaifiyarki na gaishe ki.

Babanki