Nukiliya ma tana taimakawa wajen gano nakiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan nakiyoyin da yaƙi kan ƙare ya bari a binne, suna jiran ƙafar manomi ko ta yaro.

Tun 1997 aka sa hannu a yarjejeniyar Ottawa da ta haramta nakiyoyin da ake dasa wa mutane, amma har yau ba a gama tone na da ba a Kambodiya da Angola da Afganistan. Abin da ke cin lokaci shi ne na'urar gano ƙarfe ba ta san ƙusa ba, ba ta san nakiya ba. Duk inda ta yi ƙara, dole ma'aikaci ya durƙusa ya tona a hankali, ransa a hannu, sau da yawa ya tarar da kwanson harsashi. Ga kuma nakiyoyin roba masu ɗan ƙarfe kaɗan.

Nan ne nukiliya ke da rana, ko da yake mu da mun ji sunanta sai bam ya faɗo mana a rai. Ana harba niyutiron, wasu ƙananan ƙwayoyi daga cikin ƙwayar zarra, cikin ƙasa. Abubuwan fashewa irin su TNT da RDX cike suke da naitirojin, shi kuwa idan ya haɗiye niyutiron sai ya fitar da wani haske marar ganuwa da ake kira gama, mai ƙarfin 10.8 a ma'aunin MeV, ƙarfin da ƙusa ba ta fitarwa. Wato abin fashewar kansa ake nema, ba kwanonsa ba. Kanada ta ɗora irin wannan na'ura a motar soja domin tabbatar da wurin da sauran na'urori suka yi zargi.

Wata dabarar haidurojin da ke cikin abin fashewa take bi, ta hanyar ƙirga niyutiron da suka dawo bayan ya rage musu gudu. An gwada ta a hamadar Masar, inda nakiyoyin Yaƙin Duniya na Biyu ke kwance kusa da El Alamein. Sai dai ruwa ma haidurojin ne da shi, damshi kaɗan ya rikita lissafi.

Ban ce a jingine na'urar ƙarfe ko karnuka ba. Kayan nukiliyar suna da nauyi da tsada, kuma sai an kāre mai aiki daga hasken. Roƙona, Edita, ka sa wakilinka ya tuntuɓi Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda ta tallafa wa wannan bincike, mu ji inda aka kwana.

Naka,
Mai karatu