Motar lantarki da keken tsere ba ɗaya ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ana ta cewa wai tuƙin motar lantarki daidai yake da hawan keke mai tsada, ni dai ban yarda duka ba. Eh akwai kama, babu ƙugin inji babu warin fetur, kana taka totur ɗin Tesla ko BYD ta zabura nan take ba sai an canja giya ba, haka keke mai kyau kana danna feda ya amsa.

Amma nauyi fa? Tesla Model 3 ta haura kilo 1,700, batirin a shimfiɗe yake a ƙasanta shi yasa take lafewa a kwana. Keken tseren Tour de France (babbar gasar keke ta Faransa) kuwa dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta ce kar ya gaza kilo 6.8, da hannu ɗaya zaka ɗaga shi, kuma a kansa ko tsakuwa ka taka sai ka ji a tafin hannunka, iska na dukan ƙirjinka, gudun ma wallahi daga cinyarka yake fitowa. Ita kuwa mota kwamfuta ce ke raba wutar, ka ɗage ƙafa ta rage gudu da kanta tana mayar da caji cikin batir.

Dan Allah masu rubuta mana labarin motoci su riƙa faɗin wannan bambancin.

Naku mai karatu, daga Kaduna