Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da ya Kai mu El Escorial da La Granja

Zuwa ga shugabanni da ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin ayarinmu domin mu gode muku a bainar jama'a kan ziyarar wuni guda da kuka shirya mana daga birnin Madrid.

Motarku ta ɗauke mu a kan lokaci zuwa El Escorial, ginin da Sarki Filib na Biyu ya sa aka fara a 1563 aka kammala a 1584, wanda ya haɗa fada da coci da gidan ruhubanawa da maƙabartar sarakunan Sifaniya a harabar guda. Jagoranmu ya nuna mana ɗakin kwanan sarkin, ɗan ƙarami kuma ba ado, da kafar da yake hango wurin ibada ta cikinta yana kwance, har ya rasu a nan a 1598.

Abin da ya fi ratsa mu shi ne ɗakin karatu, inda aka jera littattafai bayansu na kallon bango, gefen takardunsu mai ruwan zinariya na fuskantar mai shigowa. Da jagoran ya lura muna tambaya kan rubuce-rubucen Larabci, sai ya tsaya ya ba mu labarinsu ba tare da rufa-rufa ba: yawancinsu na Sarkin Maroko Mulai Zaidan ne, kusan 4,000, waɗanda jiragen ruwan Sifaniya suka kama a teku a 1612, sannan gobarar 1671 ta cinye kaso mai yawa. Wannan Zaidan ɗin shi ne ya sallami Shehu Ahmad Baba ya koma Tumbuktu bayan zaman da aka tilasta masa a Marrakesh, saboda haka labarin ya taɓa mu matuƙa. A ganina, mutumin da zai faɗi haka game da ƙasarsa a gaban baƙi ya cancanci yabo, kuma ya kamata ku riƙe shi da hannu biyu.

Da la'asar muka tsallaka dutse zuwa fadar La Granja ta Sarki Filib na Biyar, muka zaga lambunanta da maɓuɓɓugan ruwanta.

Muna kuma godiya ga direba, wanda ya samar mana wurin alwala da salla ba tare da gajiyawa ba, ya kuma jira wani dattijo a cikinmu da matakala suka yi wa yawa. Roƙonmu ɗaya shi ne ku ƙara wa ɗakin karatun lokaci a jadawalinku. Allah Ya ƙara wa kamfaninku albarka.

Naku da girmamawa,
Shugaban ayarin