A Rage Wa Yaranmu Lodin Darussa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Daga Mai Wurno nake rubuto maka, a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe wa yaranmu makarantu wata da watanni. Da aka buɗe, sai malamai suka shiga gudu da manhaja, wai a cike gurbi, kowane darasi a ɗan taɓa a wuce.

Ran nan na miƙa wa ɗana, ɗan aji shida, kwalbar maganin feshi ya karanta mini awon da za a zuba a ruwa. Ya yi ta jujjuya ta, ƙarshe ya ce rubutun ya yi ƙanana. Alhali jakarsa har ranƙwafar da shi take yi don littattafai!

A khalwa, wato tsangayarmu, almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda. Ban ce a jefar da tarihi ko kimiyya ba, ni ma ina son ya san duniya. Amma a firamare a tsaya kan karatun Larabci da lissafi har su zauna daram, sauran su biyo baya a mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare.

Naka,
Wani manomi, Mai Wurno