Zuwa ga Ɗana: Gandu da Gayauna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan Kaduna kowa lafiya lau. Mahaifiyarka na gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Maganar da ka tayar ranar Sallah bayan la'asar, muna zaune a zaure da kawunka, ita ta sa na ɗauki biro. Ka ce mai aikin albashi bawa ne da aka sake wa suna, kuma talaka ba zai mallaki guminsa ba sai an rushe jari-hujja an kafa gurguzu. Na yi shiru a lokacin saboda akwai baƙi, amma na kwana da maganar, na kuma tashi da ita.

Kada ka ɗauka na raina abin da ya sosa maka rai. Shekara goma sha tara na yi a masaƙa a Kakuri, a ɗakin da ƙarar injuna ba ta barin ka ji na kusa da kai sai dai a yi magana da hannu. Mukan fito daga aikin dare da asuba, ƙurar auduga a gashin ido da cikin hanci, kunne yana ta gunji har ka isa gida. Yadin da ya bi ta hannuna Allah kaɗai ya san tsawonsa, amma ko ƙyalle ɗaya bai zama nawa ba. Atamfar da na saya wa mahaifiyarka da aka haife ka, a kasuwa na taya ta kamar kowa. Ranar da aka rufe masaƙar, takarda muka tarar manne a ƙofa. Mun yi shekaru muna bin kuɗin sallama, wasu abokan aikina har suka koma ga Allah ba su riƙe nasu a hannu ba. Wanda ya ga wannan ba sai an karanta masa Karl Marx, masanin da ya aza tubalin gurguzu, ba kafin ya san cewa ma'aikaci yana samar da fiye da abin da ake biyansa, rarar kuma aljihun mai jari take shiga. Ingilar da Marx ya zauna a ciki ma ta fi haka muni: sai a 1833 aka yi doka mai ƙarfi ta hana sa yaran da ba su kai shekara 9 ba aiki a masaƙu, kuma har zuwa 1875 ana iya ɗaure ma'aikaci don ya bar ubangidansa kafin wa'adi. Ciwon da ya gano gaskiya ne. Maganin da aka ɗura wa mutane da sunansa shi nake so mu duba tare.

Ka san a gandu na tashi. Da safe duk mazan gidan mukan fita gonar gandu har rana ta take, hatsin ya shiga rumbun kakanka. Shi ke ciyar da kowa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. Da yamma kuma kowa ya ɗauki fartanyarsa ya wuce gayaunarsa, abin da ya noma can nasa ne, ba mai tambayarsa. Da kuɗin gyaɗar gayaunata na sayi kekena na farko. In kuma ɗa ya ga zaman ya ishe shi, yana iya neman a ware masa, ko ya ɗaure kayansa ya tafi cin rani. Za a yi ɓacin rai, amma ba a turo masa dogari.

To, ka riƙe wannan a ranka ka dubi Tarayyar Sobiyet. Daga 1929 shugabanta Stalin ya tilasta a haɗe gonakin manoma su zama na gama-gari, har mutane da yawa suka gwammace su yanka shanunsu da su miƙa su. Ana rubuta wa manomi kwanakin aikinsa a littafi, gwamnati ta kwashe kasonta tukuna, in wani abu ya rage a raba. Ranar 7 ga Agusta 1932 aka yi doka cewa wanda ya taɓa dukiyar gama-gari hukuncinsa harbi ne ko ɗaurin shekara 10, kuma da ita aka riƙa kama mutane a kan kalar zangarniya bayan girbi. Kala fa, ɗana, abin da a garinmu ake barin wa tsofaffi da yara don Allah. A yunwar 1932 zuwa 1933 miliyoyin mutane suka mutu a Yukiren da Kazakistan, a ƙasar da suka noma da hannunsu. A ƙarshen 1932 ɗin aka fito da fasfo na yawo a cikin gida, aka hana manoman gama-gari, don kada su gudu birni. Sai a 1974 aka yanke shawarar ba su. Mutum ya haifu, ya yi aure, ya yi furfura, bai da ikon barin ƙauyensu sai da iznin hukuma.

Ma'aikacin masana'anta ma bai tsira ba. Dokar Yuni 1940 ta mai da barin aiki ba da izni ba laifin ɗauri, makarar da ta wuce minti 20 kuma sai kotu, a yanke wa mutum har kashi 25 cikin ɗari na albashinsa wata shida. Ba a soke ta ba sai 1956. Ni da na sha makara saboda ruwan sama da rashin motar haya, in na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗan filin bayan gida da aka bar wa kowane manomi. Duka-duka bai wuce kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙasar noma ba, amma wajen rubu'in abin da ƙasar ke samu daga noma da kiwo daga nan yake fitowa. Gayauna ke nan. Mutanen nan ba ragwaye ba ne, sun dai san inda guminsu ke komawa gida.

Ban manta da alherin mahukuntan Sobiyet ba. Sun yaƙi jahilci, sun kai makaranta da asibiti ƙauyuka, kuma ma'aikacinsu bai san fargabar tarar da takarda a ƙofa irin tawa ba. Wannan babban abu ne ga wanda ya taɓa rasa aiki da 'ya'ya shida a gida. Sai dai a can ubangida ɗaya ne tal. Shi ke da masana'anta, shi ke da gidan da kake kwana, shi ne alƙali, shi ne ɗan sanda, jarida tasa ce, ƙungiyar ƙwadagon ma tasa ce. In ya zalunce ka, wa za ka kai wa ƙara? A Yuni 1962 ma'aikatan kamfanin kera kawunan jirgin ƙasa a birnin Novocherkassk na Sobiyet suka yi yajin aiki saboda an ƙara kuɗin nama da man shanu an kuma rage musu lada. Soja suka buɗe wuta, fiye da mutum 20 suka mutu, aka binne su a ɓoye, aka rufe zancen shekaru kusan talatin. Mu ma an yi mana irinta: a 1949 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Amma a nan jaridu sun buga, ƙasa ta ɗauka, dole aka kafa kwamitin bincike. Kuma ka lura, da ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk a Folan suka tashi a 1980 ƙarƙashin Lech Walesa, mai gyaran lantarki, buƙatarsu ta farko ita ce a bar su su kafa ƙungiyar ƙwadago wadda ba ta jam'iyya ba. A ƙasar da aka ce ta ma'aikata ce suke roƙon wannan.

Kada kuma ka ji wannan ka zaci na wanke jari-hujja. 'Yancin barin aiki ba ya da nauyi a hannun wanda babu ko tiya ɗaya a gidansa. A 2013 a Bangaladash an ga bangon ginin Rana Plaza ya tsage, washegari aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki, suka koma don tsoron a riƙe musu albashi, ginin ya rufta da mutum fiye da 1,100. Ga 'ya'yanmu da ke zuwa ƙasashen Larabawa aikatau, mai gida ya karɓe fasfo ya kulle a akwati. Ɗan sauƙin da ma'aikaci ya samu, ƙwatarsa aka yi. Aikin awa takwas sai da aka zubar da jini a kansa a Chicago a 1886, daga nan ranar 1 ga Mayu ta samo asali, wadda gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ta fara ba da hutunta a 1980, tarayya ta bi a 1981. In dole sai na zaɓa, zan zaɓi inda iyayen gida suke da yawa, inda in na ce na bari ba za a ɗaure ni ba, inda zan iya haɗa kai da 'yan'uwana mu kashe inji mu zauna a bakin ƙofa. A can zalunci yana nan, amma akwai filin kokawa da shi, kuma na yi kokawar da kaina.

Saboda haka ka ci gaba da karatun nan naka, ban hana ka zaman muhawara da abokanka ba. Amma duk wanda ya zo maka da tsari, ko da tutar talakawa ya zo, ka tambaye shi ko za ka iya fita in ka ga ba daidai ba, kuma wa zai hukunta shugaba in ya ci amana. Kada ka taɓa miƙa wa wani ainihin takardunka ko fasfonka da sunan ajiya. Ka koyi sana'ar hannu tare da digirin nan. Da aka rufe masaƙa, keken ɗinkin da na saya da kuɗin adashi shi ya biya kuɗin makarantarka, ita ce gayaunata a birni. In kuma Allah ya ɗaga ka har wani ya yi aiki a ƙarƙashinka, ka san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta: a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

In ka zo hutu ka tuna min in ɗauko maka katina na ƙungiya, yana nan cikin akwatin ƙarfe tare da takardar da na ɓamɓaro daga ƙofar masaƙa. Zan kuma kai ka wurin wasu tsofaffin abokan aikina a Kakuri ka ji daga bakinsu. Na ba direban da ke zuwa Zariya ranar Asabar ɗan saƙo, akwai garin kunu da ƙuli-ƙuli daga mahaifiyarka. Ka kira ta in ya iso.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka