A Ɗauki Ƙwararru Aiki a Ɗakunan Ɓerayen Bincike

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan aikin da mutane ba su cika ganin darajarsa ba, wato na masu kula da ɓerayen gwaji da sarrafa naman jikinsu a ɗakin bincike don a duba shi a na'urar ganin ƙananan abubuwa. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta. Cibiyar Jackson, da aka kafa a 1929, tana kiwon nau'o'in ɓerayen gwaji irin su C57BL/6 tana rarraba wa masu bincike a duniya. Mu kuwa sau da yawa sai a bar wa ɗalibi aikin, ba tare da wanda ya nuna masa ba.

Ɓeran gwaji yana son ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 24, da haske awa 12, duhu awa 12. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar bazara, cin abincinsa ya canja, haihuwa ta ragu, sakamakon gwaji ya rikice. Ana yaye 'ya'ya a kwana 21, a raba maza da mata tun kafin su balaga.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan an fiɗe dabbar. Hanta da ƙoda suna fara lalacewa cikin mintuna. A yanka naman kada kaurinsa ya wuce milimita 4, a jefa shi nan take cikin fomalin, wato ruwan sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan kuma ya ninka naman aƙalla sau 10, ya yi awa 24 zuwa 48. Za ka ga an cusa hanta guda cikin 'yar kwalba, bayan hantar ya yi tauri, cikinta ya ruɓe, don fomalin a hankali yake ratsa nama. Naman da aka manta da shi makonni a ciki kuma, wasu rinukan da ake sa wa nama don a ga sassansa ba sa kama shi. Bayan fomalin a bi da naman cikin sinadarin alkohol daki-daki don cire ruwan jikinsa, sai sinadarin zailin mai wanke alkohol ɗin, sai kakin farafin mai zafin wajen digiri 60. In kakin ya zarce haka, naman ya bushe ya riƙa farfashewa a bakin reza. Ana yanka shi da kaurin maikuron 4 zuwa 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a shimfiɗa kan ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 45. Reza mai dakushi tana barin zane-zane da ɗalibi zai ɗauka alamar cuta ce, kuma wannan abin takaici ne ƙwarai, domin ran dabba ya tafi a banza.

Don haka ina kira ga jami'o'inmu su ɗauki ƙwararrun ma'aikata na dindindin, su sa wa ɗakin dabbobi da firizar ajiye nama wutar sola, su kuma samar da na'urar zuƙe tururi, saboda shaƙar fomalin na iya jawo ciwon daji.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin bincike