Rahoton Ayyukan Shekara: Koyar da Yara Yaƙoƙin Girkawan Dā

Assalamu alaikum, iyaye da malamai, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda aka amince a babban taron bara, zaman karatun yara na ranakun Asabar ya koma bana kan yaƙoƙin da aka gwabza tsakanin Girkawa da Farisawa. Ga yadda shekarar ta kasance.

Zango na farko Maraton ya cinye shi, yaƙin shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Sarki Dariyus na Farisa ya aiko da runduna, mutanen biranen Girka na Atina da Filatiya suka tare ta a bakin teku. Malamai ba su fara da haddar sunaye ba. An yanka kwalaye aka yi garkuwoyi, aka jera yara kafaɗa da kafaɗa, kowa garkuwarsa a hannun hagu tana kare shi da rabin jikin na kusa da shi. Da aka ce ɗaya ya fita daga sahu, nan take suka ga ɓarakar da ya bari. Kwamiti na ganin wannan darasin ya fi kowanne zama a kan yara.

A nan ne kuma muka yi aikin da muka fi alfahari da shi, wato raba tarihi da ƙarin gishiri. Yara sun zo da labarin ɗan aiken da ya gudo daga Maraton zuwa Atina da busharar nasara ya faɗi matacce. Hirodotus, marubucin tarihin Girka wanda ya fi kusa da zamanin, bai kawo shi ba. Abin da ya rubuta shi ne an aiki mai gudu birnin Siparta neman agaji, tafiyar kusan kilomita 240. Wancan labarin marubutan baya ne suka kawo shi, kuma daga gare shi aka samo tseren maraton a gasar Olamfik ta 1896. Wasu yaran sun ɓata rai, amma daga ranar suka kama tambayar "wa ya faɗa?", har iyaye na kawo mana ƙorafi cikin raha.

Yaƙin mashigin Tarmofili, shekara ta 480, ba mu daɗe a kai ba, don fina-finai sun riga mu. Mun dai gyara abu ɗaya: ba mutum 300 na Sarki Liyonidas na Siparta kaɗai suka tsaya a ranar ƙarshe ba, akwai mutanen garin Tasfiya wajen 700 da ba a cika ambata ba.

Salamis, inda aka yi yaƙin jiragen ruwa, ta fi armashi. A babban baho aka sa jiragen takarda, aka matse mashigi da bulo, yara suka ga yadda yawan jiragen Sarki Zaksis na Farisa ya zame masa kaya a ƙunci. Da suka ji jirgi ɗaya na ɗaukar matuƙa 170 a hawa uku, sai hira ta koma kan talakawan da ke jan filafili. 'Yan mata kuwa Sarauniya Atimisiya suka riƙe, wadda ta jagoranci jiragenta a ɓangaren Farisa, kuma daga garinta Hirodotus ya fito.

Wasu iyaye sun tambaya ko wannan ne yaƙin da Suratur Rum ta ambata. Ba shi ba ne. Na surar tsakanin Rumawa ne da wata daular Farisa ta daban, fiye da shekara 1,000 bayan Maraton.

Matsalarmu har yanzu littattafai. Malamai ke rubuta darussa da Hausa da kansu, kuɗin gurzawa kuma ya ci mafi yawan gudummawar wata-wata. Ma'aji zai karanto dalla-dalla a taro. Halartar yara ta ragu da damina, don haka muna ba da shawarar a mai da zaman zuwa safe.

Baɗi za mu ɗora daga yaƙin Filatiya na 479, sannan Iskandar na Makidoniya. Muna neman mai iya zane ya yi mana babbar taswirar Tekun Ejiyan, da malama mace ko da ɗaya ce ga ajin ƙanana. Mai sha'awa ya ga sakatare bayan taro.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa